Jarka Biyu a Ƙofar Ɗakin Sanyi

Ranar Litinin ce, tun hantsi rana ta buɗe wuta, ko ganye ba ya motsi. Dogo mai kifi yana isa bayan kasuwa ya ji tsit. Janareton ɗakin sanyi ba ya yin shiru haka kawai.

Gwamnati da wani kamfani ne suka haɗa hannu suka gina ɗakin. Gwamnati ta ɗauki nauyin wuta, kamfani ya kawo injuna, 'yan kasuwa suna biyan haya. Da wannan ɗakin Dogo ya dogara ya ci bashin banki ya saro kifi, yayarsa ta ba da keken ɗinkinta jingina.

Ya tarar da Manaja a bakin ƙofa yana fifita da yankin kwali.

"Manaja, yau injin barci yake yi?"

"An yanke mana wuta tun jiya, gwamnati ba ta biya ba. Man janareto kuma ya ƙare da asuba."

Dogo bai tsaya dogon zance ba. A tsohon ɗakin sanyi, in haka ta faru, hula ake cirewa a zagaya, kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Ya cire tasa, ya bi mahauta da masu kaji. Kafin azahar ya dire jarka biyu cike da man janareto a gaban Manaja.

Manaja ya miƙe ya tare ƙofar injin. "Ba zan zuba ba. Sabon tsari ne. Kuɗin haya asusu ɗaya yake shiga, sai an amince daga sama sannan ɗan kwangila ya kawo mai. Wanda na gada, karɓar kuɗi a hannu ya sa aka kore shi."

"Wa ya ba ka kuɗi? Mai ne, bawan Allah! Sunsuna ka ji!"

"In injin ya samu matsala da man waje, a albashina za a cire. Ni ma ina da iyali, Dogo."

Wani tsohon mahauci ya kwashe da dariya. "Rabu da shi, ɗana. Kifin ma sai ya nemi izini daga sama kafin ya ruɓe."

Dogo ya hau babur ya nufi ofishin kamfani. Suka ce kuɗinsu yana hannun gwamnati. A ofishin gwamnati wani jami'i ya ba shi kujera, ya yi masa bayani cikin natsuwa cewa ana ta fama da tsofaffin basussuka, amma kwamiti zai zauna ranar Laraba.

"Ranka ya daɗe, kifi bai san Laraba ba."

"Ka yi haƙuri, gyara ne ake yi don amfaninku."

Ya dawo da la'asar, ruwa ya fara bin ƙarƙashin ƙofa. Ya ce a buɗe ya kwashe kayansa ya karyar da su ko a rabin kuɗi. Nan mahauta suka yi masa caa: in aka buɗe, ɗan sauran sanyin zai gudu, naman kowa ya lalace. Tsohon ya riƙe masa hannu. "Don Allah, ɗana, zuwa gobe kawai. An ce motar mai tana hanya."

Dogo ya dubi furfurar tsohon, ya fasa buɗe ƙofar. Ya zauna a kan jarkarsa.

Motar ba ta zo Talata ba. Ta zo Alhamis da safe, direban yana ta yin fito abinsa. Da aka buɗe ƙofa, har masu sayar da takalma a ƙarshen layi sai da suka toshe hanci. Manaja ya tayar da injin, ya kuwa tashi da bugu ɗaya.

Yayarsa ta zo ta tsaya daga nesa, gyale a hanci. "Dogo, keken fa?"

Dogo ya juya ya fara fitar da ruɓaɓɓen kifinsa.

Kifi katan arba'in aka zuba a rami. Naman shanu uku, da kajin mutum shida. Keken ɗinki ɗaya ya tafi banki. Jarka biyu kuwa suna nan cike, ba a taɓa su ba.