Saura Taƙi Ɗaya

Shekara goma sha tara Malam Taswira ya yi yana koya wa jama'a yadda ake tsere wa ambaliya. Sunan ma 'yan unguwa ne suka laƙaba masa, don kullum da naɗaɗɗiyar takarda a hammatarsa. Babban abin alfaharinsa shi ne sandar awon ruwa da ya kafa a gindin gada: kore a ƙasa, rawaya a tsakiya, ja a sama. Da hannunsa ya rubuta ƙa'idar cewa motar kwashe mutane ba ta fita sai an turo hoton ruwa ya taɓa ja.

Bara, da masu ba da tallafi za su zo, aka ga sandar ba ta fita sosai a hoto, sai aka ɗora ta kan dakalin siminti. Shi ma ya riƙe ta aka ɗauki hoton, har da murmushi. Babu wanda ya tuna jan ya hau da taƙi guda.

Ranar Talata da hantsi ruwa ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, wadda shekara biyu ke nan ƙafafu ba sa ɗaukarta. A gada kuwa, rawaya.

Ya kira shugaban ofishinsu na agaji. "Ranka ya daɗe, a taimaka da motar. Ruwa ya kai katifar Inna."

"Me sandar ta nuna?"

"Sandar ƙarya take yi."

"Sandar taka? Shafi na shida na ƙa'idar, Malam, kai ka ja masa layi har biyu. In na saki motar ba hoto, direba zai fara rasa aikinsa, ni in bi baya."

Ya tsaya a gadar da waya a hannu, sai ya kama kansa yana roƙon Allah ruwan ya ƙaru. Ruwan ya tsaya cak.

Da ya koma gida, ƙanwarsa na kwarfar ruwa da bokiti. "Yaya, ina motar?"

"Ga ta," ya ce, ya durƙusa a gaban gadon.

Haka ya goyo Inna, ruwa har cinya, tumbinsa na gaba yana share hanya. Da suka zo gada ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Ita ce sandar da ake sa ka a rediyo dominta?"

"Ita ce, Inna."

"Fentin dai ya yi kyau." Ta gyara riƙo. "Keken ɗinkina fa, wa zai ɗauko?"

Ya dubi sandar.

"Sai ta yi ja, Inna."