Ranar da Na Share wa Kunkuru Hanya

Autata tana aiki a ɗakin bincike na jami'a, inda suke koya wa na'ura tafiya da kanta. Ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba, don haka idan ta ce "ƙirƙirarriyar basira" sai dai in gyaɗa kai. Abin da na gane shi ne tana da wani mutum-mutumi mai tayoyi, tsayinsa bai wuce gwiwata ba, suna kiransa Kunkuru. Duk bidiyon da ta nuna mana a waya, sai na ga ya yi karo da wani abu. Ita da mamanta su yi ta dariya, ni kuwa ina ta tambayar kaina: Wa zai ci gaba da riƙe ma'aikaciyar da kayanta ke ta gwara kai da bango?

Da ta ce shugabar sashensu za ta duba aikin, ta yanke ko a ci gaba da binciken ko a rufe shi, sai na ce zan raka ta.

"Baba, ba firamare ba ce fa."

"Zama kawai zan yi. Ko tari ba za ki ji ba."

Ta zaunar da ni a benci a bakin wani dogon lungu tsakanin ofisoshi, ta shiga ciki ita da abokin aikinta, wani siriri da suke kira Dogo. Na dubi hanyar da Kunkuru zai bi, raina ya ɓaci. Kujera kwance a tsakiya, bokitin ƙarfe, kwalaye, har da takalmi ƙafa ɗaya. A ranar da shugaba za ta zo! Na ce masu shara sun ci amanar yarinyar nan. Na naɗe hannun riga, na kwashe komai, na jibge a bayan ƙofa, na koma bencina.

Shugabar ta iso, wata dattijuwa mai tabarau rataye a wuya. Dogo ya buɗe ƙofa, Auta ta danna kwamfutarta daga ciki, Kunkuru ya fito ya miƙe sambal har ƙarshen lungun. Saura kaɗan in yi tafi. Amma da Auta ta leƙo, sai ta dubi Dogo.

"Dogo, ina kayan?"

"Wallahi nan na bar su."

Ta juyo a hankali. "Baba."

"Na'am, Auta."

"Ina kujerata?"

Na nuna bayan ƙofa. Ta dafa goshi. "Baba, mu muka zuba su. Ai aikin ke nan. Hanyar da babu komai, kowace na'ura za ta bi. Abin da nake koya wa Kunkuru shi ne ya ga abu a gabansa, ya yi shawara, ya kauce."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shugabar ta sa tabarau ta ƙare mini kallo.

"Malam, kai ne mahaifinta?"

"Ni ne, ranki ya daɗe."

"To, kai ka kwashe, kai za ka mayar. Jera su yadda ka ga dama. Dama na fi son tsarin da ba hannunsu a ciki."

Na ɗauko kayan, na jera su a jikin bango, tsaf-tsaf.

"Baba, wannan ai ko motar kaya ta wuce," in ji Auta. "Matso da su tsakiya."

Dogo ya ce, "Baba so yake a ba Kunkuru sakamako ba tare da jarrabawa ba."

Ba don ina so ba, na yi. Na kwantar da kujerar a karkace, na ɓoye bokitin a bayanta, na watsa kwalayen. Shugabar ta ce ni ma in tsaya a hanya, na tsaya.

Kunkuru ya taho. Ya ja birki a gaban kujera, ya juya ɗan kansa hagu da dama, ya ja da baya, ya kewaye. Sai na ji ƙwal, ya taɓa bokitin. Ya gyara, ya ratsa kwalayen, ya zo daidai ƙafata ya dakata kamar mai neman izini, sannan ya bi ta gefena ya wuce.

Shugabar ba ta tambayi komai ba sai bokitin. Auta ta ce ƙyallin ƙarfen ne ya ruɗa idon na'urar, ta shiga bayani mai tsawo, ba inda-inda, har tana zana abu a iska da yatsa. Rabin maganar ban gane ba. Amma ban taɓa jin muryar nan tata a gida ba, kuma na ga dattijuwar ta jawo kujerar nan ta zauna don ta saurara.

"To, magance ƙyallin nan shi ne aikinki na gaba," in ji ta daga ƙarshe. "Ki ci gaba."

A hanyar tashar bas Auta ta riƙe hannuna.

"Baba, yau ka kusa kashe ni."

"Sun dai bar ki ko?"

"Sun bar ni. Baɗi ma za a sa masa ƙafafu, mu fara koya masa hawa bene."

Na tsaya cak. "Bene? Hawa nawa? Akwai abin dafawa?"

Ta yi ta dariya har tana share hawaye. Na ƙyale ta ta yi abinta, bas ɗinmu ma ga shi nan tafe.