Ragin Rigar Doguwa

Tela tana cikin kafa allurai a gefen rigar, Doguwa ta ce ta ƙara matsewa, har yanzu ta yi mata yawa. Ba yau aka fara rage rigar nan ba. Tela ta zagaya tef a ƙirjin maƙwabciyarta, inda likitoci suka yanke nono ɗaya bara, sai ta ji wani abu mai kama da daɗi ya ratsa ta, kunya ta biyo bayansa.

Tun suna firamare take ƙyashin wannan ƙirji. Doguwa ta fara al'ada tana 'yar shekara tara, ta cika ta yi kyau, ita kuwa Tela har ta zama budurwa ana ce mata sanda. Da aure ya haɗa su katanga ɗaya, Doguwa ce ta dace da miji, wani direba mai jawo mata kujera in za ta zauna. Shekarun da ta yi tana fama da zubar jini, da ɓarin da ta yi ta yi, da cire mata mahaifa, duk ba su rage ta a idonsa ba. Tela, mai 'ya'ya biyar, ta katanga take jiyo dariyarsu.

"Likita ta ce irinmu masu farawa da wuri mun fi haɗuwa da wannan ciwon," in ji Doguwa. "Kin san ke nake kallo a makaranta? Kina tsallen igiya, ni ina zaune na rungume jaka kada maza su gani."

Tela ta ce ba ta tuna ba. Ta tuna sarai. A lokacin ta ɗauka yanga Doguwa take yi.

Ba a daɗe ba Doguwa ta rasu, wata rana da hantsi, kanta a cinyar mijinta. Tela ta shiga tare da sauran mata, ta share tsakar gida, ta yi kuka na gaskiya. Amma da ta ga direban, ƙato guda, ya kasa ko sa takalmi, tsohon ƙyashin nan ya dawo mata. Ta waiga ta ga nata mijin a bakin ƙofa yana danna waya.

Da mutane suka watse, ta leƙa ta tagarta. Direban yana tsugune yana ba furannin Doguwa ruwa. Tukunyar ƙarshe ta cika, ruwa yana malala a kan siminti, shi kuwa bai ɗaga butar ba.