Batirin da Bai Taɓa Kwana da Yunwa Ba

Ɗan jirgin ya faɗo kamar an tsinke masa igiya. Yana sama daidai tsayin sandar lantarki, farfelunsa huɗu suna ta ruri, sai suka yi tsit, ya zo ƙasa tim cikin ciyawar filin ƙwallo. Ƙafarsa ɗaya ta ɓalle ta yi nata wuri.

Ita ba jirgin ta kalla ba, hannun mijinta ta kalla. Yana zaune a kujerar robar da ta ɗauko masa daga gida, rimot a cinyarsa, babban yatsansa na dama yana rawa a kan sandar tuƙi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa bas bai taɓa taka ko kaza ba. Da ya yi ritaya ya sayi wannan jirgin wasa mara matuƙi, unguwa ta sa masa Kyaftin, sunan ya bi shi. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi wata da watanni, kuma yau ce ranar farko da ya yarda ya fito ya gwada hannun.

"Kin gani ko?" ya ce. "Hannu ya tafi."

"Ni ban ga hannunka ya yi komai ba."

"Ai shi ne maganar. Bai yi komai ba." Ya miƙa mata rimot ba tare da ya dube ta ba. "Ki kai wa ƙaninki ya sayar. Mu je gida."

A gida ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ƙwallon robar da likita ya ce ya riƙa matsawa safe da yamma ya gangara ƙarƙashin gado, bai ce a ɗauko ba. Da ta tuna masa zuwa asibiti motsa jiki, sai ya ce a bar wahalar da mai tasi a banza. Abin da ya tsorata ta ke nan. Likita ya faɗa mata ƙiri-ƙiri, hannun da aka daina motsawa sandarewa yake yi, kuma ta san mijinta: in ya yanke wa abu hukunci, ko da kansa ne, ba ya ɗaukaka ƙara.

Ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta share falon da ta riga ta share, ta ɗora ruwan zafi ta manta da shi har butar ta fara ƙauri. Ta leƙa ɗaki, ta dawo, ta sake leƙawa. A idonta take ta maimaita faɗuwar: jirgin bai karkata ba, bai yi tangaɗi ba, shiru ya yi tukuna sannan ya faɗo. Ta sha ganin Kyaftin ya kuskure tun yana koyo, har bishiyar maƙwabta ya taɓa aske wa kai, amma ko a ranar, jirgin yana ruri ya shiga ganye. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Washegari da hantsi ta zuba jirgin da batirinsa a jakar cefane ta nufi shagon ƙaninta mai gyaran waya. Shagon ɗan lungu ne ƙarƙashin bene, tsakanin mai yanka makulli da mai ɗinkin takalmi, kullum yana warin dalma. Ta same shi ya sunkuya kan wata waya da ya farke wa ciki.

"Yaya, lafiya? Ko Kyaftin ya sauka a rufin mutane, an aiko ki biko?"

"Bar wasan nan, ka duba min abin nan."

Da ya ga fuskarta sai ya ture wayar gefe. Ta ba shi labari a tsaye, ta ƙi kujerar da ya jawo mata. Ya juya farfelu ɗaya bayan ɗaya, ya hura injinan, ya ce lafiyarsu lau. Sannan ya zare batirin, wani ɗan bulo baƙi mai ƙananan fitilu huɗu a baya. Ya danna, uku suka kama.

"Ka gani, da cajinsa," ta ce. In ba batir ba ne, to hannu ne.

"Fitila ai baki ce, Yaya, tana iya ƙarya. Bari mu ɗora masa kaya mu gani."

Ya ce batirin ɗaki uku ne a ciki, kuma tare suke ɗaukar nauyi. Ya soka wayoyin mitarsa ta awon wuta, ɗakunan suka nuna kusan daidai. Sai ya jona masa ƙwan fitilar mota. Ƙwan ya haska, lambobin ɗaki biyu suka tsaya da ƙafarsu, na ukun kuwa ya riƙa zubewa kamar guga mai huji. Ƙwan ya mutu ɗif.

"Ga ɓarawonku. A zaune lafiyayye ne, da an ce ɗauki kaya sai ya durƙushe, ya ja sauran. Ko wane ne ke riƙe da rimot, jirgin nan sai ya faɗo."

Ta dafa teburin. Sai a lokacin ta zauna.

Shi kuwa bai gama ba. Ya kwantar da batirin a kan gilashin tebur ya ɗan taɓa shi, batirin ya yi lilo. Ya shafa bayansa, ya kai hanci.

"Ya kumbura, ga wani ƙamshi-ƙamshi kamar na alewa. Yaya, Kyaftin ya fi ni sanin batir. Wa ya riƙa kula da su da yana kwance?"

"Ni mana."

"Yaya kika yi da su?"

Ta gaya masa da ɗan alfahari. Ita mace ce da ba ta iya ganin abu rabi ta wuce: randa, filas, tulun gas, kofin baƙo, duk sai ta cika. Ranar da aka dawo da shi daga asibiti ta ga batiran nan uku a kan tebur, ta sa su caji har fitila huɗu. Bayan 'yan kwanaki ta danna ta ga sun koma biyu da rabi. Ta ce lalle abin nan akwai ci, ta sake cikawa. Haka ta yi ta yi, da sun sauka ta mayar.

Ƙaninta ya kama kai. "Wayyo Yaya! Ai da gangan suke sauka. An yi su ne in sun ga ba a tashi da su, su rage wa kansu ciki zuwa wajen rabi, a haka suke hutawa. Batirin jirgi in ya daɗe a ƙoshe ruɓewa yake ta ciki. Su suna sauke kaya, ke kina ɗora musu. Garin neman gira..."

"Na ji, kar ka ƙarasa."

"Ina sauran biyun?"

"Suna cikin kabad, na naɗe su a tawul don kar su yi ƙura."

"Kabad ɗin kaya? Na gefen gadonsa?" Ya miƙe tsaye, wasa ya gudu daga fuskarsa. "Irin wannan in ya tashi ci da wuta, ba ya sallama. Ki cire su yanzu. Kar ki matsa su, kar ki huda, kar ki sake sa su a wuta, kar kuma ki jefa a shara. Gwangwani da yashi, a tsakar gida, cikin inuwa. Da yamma zan zo in kwashe su in kai inda ake karɓa."

Ya juye wani gwangwanin fenti, ya ɗebo yashi daga bokitin kashe gobara na bakin bene, ya binne batirin ciki ya miƙa mata. Ba ta tsaya jiran mota ba. Ta ratsa layin masu kayan gini da gwangwani a hannu, mayafi yana zamewa tana ja, mai kanti yana gaishe ta ba ta ji ba. Duk hayaƙin da ta hango daga nesa sai ta ce daga gidanta ne. Mutumin da ba ya iya tashi da sauri, ta kwantar da shi wata da watanni kusa da wuta da hannunta, tana ganin kirki take yi.

Gidan yana nan lafiya. Ta faɗa ɗaki ko sallama babu, ta buɗe kabad, ta ɗauko tawul ɗin kamar mai ɗauke da jariri, ta fita da shi. Ta binne batiran cikin yashin gwangwanin, ta ajiye shi a gindin katanga.

"Wai me ake yi ne?" Muryarsa ce daga ɗaki. "Kin shigo kamar an biyo ki."

Ta koma ta tsaya a kansa. "Tashi, Kyaftin. Ba hannunka ba ne, batir ne. Ni na kashe shi."

"Ke da ƙaninki kun haɗa baki ku lallashe ni. Ni ba yaro ba ne."

"To fito ka gani da idonka. Ba zan shigo da shi ɗaki ba."

Ya yi tsaki, amma son sani ya fi ƙarfin fushi. Ya jawo sandarsa, ya ja ƙafa har tsakar gida, ta kawo kujerar roba. Ta share yashin da ke kan batirin jiya. Ya sunkuya, ya kai hannu ba tare da tunani ba, ya bi bayan batirin da babban yatsa a hankali, yadda yake shafa tayar bas da can.

"Ya yi ciki," ya ce. "Ga tudu nan a tsakiya. Haba, wa ya bar batir a cike har..."

"Da wane hannu ka ji tudun?"

Ya dubi hannun. Na dama ne. Ya daɗe yana kallonsa.

Ta gaya masa komai, fitila huɗu da fitila biyu da tawul, ba ta rage ba. Tunda take ba ta taɓa jin daɗin zama mai laifi irin na yau ba. Ta jira faɗa, don a kan kayan jirginsa ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

"Duk kwanciyar nan da na yi kina cika su?" ya ce. "Har lokacin da ko cokali ba na iya riƙewa?"

"Har lokacin."

"Kin san zan tashi ke nan."

"Ban sani ba," ta ce. "Da na sani ai da ban dame su ba. In na danna na ga sun sauka, sai in ga kamar kai ne."

Kyaftin ya kawar da kai wajen katanga.

"Sabon da za a saya," ya ce daga baya, "ko kallonsa kika yi sai na kai ƙara wajen ƙaninki."

"Na ji."

"Rabi ake barinsa."

"Na ce na ji."

Ya buɗe hannun dama, ya rufe, ya sake buɗewa. Yatsun suna rawa, amma sun bi umarni.

"Ƙwallon nan nawa," ya ce, "ina jin yana ƙarƙashin gado."