Dogon Teburin Aji Ɗaya

Ranar da zan taho, shugaban makarantarmu ya dube ni ya ce, "Malama, wasan da kike yi da yaran mutane bai ishe ki ba, sai kin je ƙasar waje kin ƙaro?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, in na dawo da kai zan fara."

Ya yi dariya, amma bai janye sharaɗinsa ba. 'Yata, wadda muke kira Mai-ido, ba ta ji tun haihuwa. Da ƙyar ya yarda ta zauna a ajina tare da masu ji, kuma ya ce ranar da ta kasa bin karatu, a gida za ta zauna.

Abin da ya riƙe ta a ajin wani tsohon tebur ne na katako, dogo, wanda yara duka suke kewayewa. Kowa ya kifa tafin hannunsa a kai, a yi shiru, ni kuma in ƙwanƙwasa daga can ƙarshe. Yadda bugun ya ratso katakon ya shiga hannunka, haka za ka ɗebi marafan kwalba ka jera. Da shi muka koyi ƙidaya, da shi muka shiga tarawa. A wannan wasan kunne ba ya amfanar kowa, kuma babu mai riga Mai-ido.

Na bar ta wurin Inna, mahaifiyata, na taho horon koyar da yara masu nakasa tare da sauran yara. Ɗakunan nan cike suke da kayan wasa masu launi, har da ƙananan kujeru da nake bugewa da gwiwa kullum. Sanyi ya fasa mini leɓe, abincin ba ya zama mini. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Da ƙafata na zo, kuma ba zan ba masu cewa uwa ba ta barin irin wannan yarinya abin faɗa ba. Sai dai duk teburin da na zauna, sai in tsinci hannuna a kife a kai, yana jira.

Wata ranar Asabar na kira su ta bidiyo. Mai-ido ta kalle ni sau ɗaya, ta juya fuska ga bango. Yaron da ba ya ji, in ya kau da ido, ya kashe maka waya ke nan.

"Inna, me aka yi mata?"

"Ni ma ban sani ba, 'yar nan. Shugaba ya aiko wai ba ta yin komai a aji, sai zaman gunki. Wai in zo mu yi magana."

"Sun daina wasan tebur?"

"Kullum ana yi. Malamar da ta karɓe ki ba ta da ganda. Ga shi ma an yi musu gata, an kawo sababbin tebura na roba, kowane yaro da nasa. Gwanin kyau!"

Sai na gane. Wato malama tana ƙwanƙwasa nata teburin, masu kunne suna jin ƙarar suna jera marafai, ita kuwa hannunta yana kife a kan robar da ba ta kawo mata komai. Babu wanda ya yi mugunta. Gyara suka yi.

Na kira shugaba.

"Ranka ya daɗe, ina tsohon teburina?"

"Wancan tarkacen? Yana bayan sito. Daga can ɗin ma ba za ki bar mu mu ci gaba ba?"

"A mayar mini da shi aji. In an mayar ta kasa, ni da kaina zan ce Inna ta ɗauke ta."

"Bakinki dai bai ji sanyin ba," in ji shi. Amma ya sa an mayar.

Bayan 'yan kwanaki Inna ta kira ni daga cikin ajin, an tashi. Ta ce shugaba ya leƙo ya gani da idonsa, ya fita, zancen zuwa a yi magana kuma ya mutu. Ta jingina wayar a kan katakon. Mai-ido ta matso, ta ɗaure fuska, ta ƙwanƙwasa sau biyu. Hoton ya girgiza a hannuna. Sai ta kifa tafinta, ta zuba mini ido, tana jiran amsa.

Na buga teburin ɗakina, na sake bugawa. Babu abin da ya isa gare ta.

"Inna," na ce, "ki buga mata a madadina. Sau biyu, a hankali, daga can ƙarshe inda nake tsayawa."

"To, Malama," in ji Inna, na ji tana jan takalmanta zuwa ƙarshen teburin.

Ni ma na kifa hannuna a kan nawa.