Ragar Indararon Gidan Uwaisu

Duk shekarun da Hansai da mijinta Uwaisu suka yi a flat ɗin council, gidan hayar hukuma, a Tottenham, ko famfo ne ya ɗiga sai dai su ɗaga waya a zo a gyara. Da Allah Ya hore musu suka sayi ɗan gidansu a Plumstead, kakar farko bishiyar maƙwabta ta juye ganyenta kaf a indararon rufinsu, ya toshe. Ruwa ya riƙa bin bango har ya jiƙa ɗakin 'yarsu Humaira.

Hansai ta ce a kira mai gyara. Uwaisu, wanda aikinsa ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti, ya ce sam. Ya kalli bidiyo a waya, ya gane komai: zai haɗa firam na katako, ya buga masa ragar waya, ya rufe bakin indararon, ruwa ya wuce ganye ya tsaya.

"Kin manta kakana kafinta ne a Zariya? Abin a jini yake."

"Abban Humaira, ai kana goye ya rasu."

"Shi ya rasu, jinin yana nan."

Ranar Asabar ta bi shi shagon kayan aiki a Old Kent Road, don ta san halinsa. Mutumin da in an aike shi burodi sai ya dawo da tukunya, ba a barin shi shi kaɗai cikin zartuna.

Suna cikin gardamar wace guduma za a ɗauka, wani ma'aikacin shagon ya matso yana dariya. Ya ce sunansa Abdul-Samed, ɗan Nima ne a Accra, ya ji Hausa ya kasa wucewa. Hansai ta ji daɗi, a ranta ta ce ga wanda zai taya ta ja wa maigida birki.

"Ɗan'uwa, don Allah gaya masa gaskiya," in ji ta. "Sabon koyo ne. Me yake buƙata?"

"Madam ya yi magana mai kyau," in ji Abdul-Samed. "Zarto ƙarami, guduma, ƙusoshi, almakashi na yanka waya, tef na awo. Shi kenan."

Hansai ta juya ta kalli mijinta. Kafin ta buɗe baki, Abdul-Samed ya sassauta murya.

"Amma Alhaji, ka ga wannan zarto na lantarki? Ni ma na saya. Ban yi amfani da shi ba tukuna, amma in ka kunna, wallahi zuciya na sanyi."

Nan ta rasa su duka biyun. Suka tsaya suna shafa injin kamar masu taya rago. Sai da ta tambayi Uwaisu da wane yatsa zai riƙa danna na'urar asibiti ranar Litinin, sannan ya ajiye shi. Aka sasanta: ya haƙura da na lantarki, ita kuma ta bar shi ya ɗauki ɗamarar fata mai aljihunan saka kayan aiki, wadda ya ɗaura tun a mota.

Abin mamaki, aikin ya yi kyau. Hansai tana leƙensa ta tagar kicin, ga fensir a bayan kunne, yana awo yana sake awo. Ya daki babban yatsansa, ya waiga ya ga ko an gan shi, ta yi sauri ta duƙa kan tukunya. Kafin la'asar ya jera firam ɗinsa a kan ciyawa, tsaf da su.

Ya aro tsani wurin maƙwabcinsu, wani dattijon Bature. Ya yi bisimilla ya fara hawa. Da ya kai tsakiya sai ya tsaya cak.

"Lafiya?" in ji Hansai daga ƙasa.

"Ina duba yanayin iska ne."

Ko ganye ba ya motsi. Ya ƙanƙame tsanin gam. Humaira ta leƙo ta tagar sama ta ce, "Abba, are you stuck?"

"Ke, rufe taga!"

Hansai ta ce ya sauko ya sha ruwa. Ita da ta tashi tana hawa soron gidansu tana shanya kuɓewa, ta ɗaure zani a kan wando, ta kwance ɗamarar daga ƙugunsa ta ɗaura, ta haye. Ta kwashe ruɓaɓɓen ganye, shi kuma yana riƙe da tsani da hannu bibbiyu yana ba da umarni.

"Matsa dama kaɗan. Yauwa. Haka kakana yake yi."

"Allah Ya jiƙansa. Miƙo na gaba."

Kowane firam ya zauna daram, in ban da na ƙarshe da ya ɗan yi tsawo. Ta sauko masa da shi, ya rage da zarto cikin ƙasaita, ta mayar.

Da suka je mayar da tsani, dattijon, wanda ashe duk yana kallo ta shinge, ya tambayi Uwaisu ko matarsa za ta yarda ta yi masa nasa indararon. Uwaisu ya gyara tsayuwa ya ce a halin yanzu tana training ne a ƙarƙashinsa, amma zai duba.

Suna shiga gida Hansai ta dube shi.

"To Oga, yarinyar shago ta gaji. Abincin dare a hannunka yake."

Ya wanke hannu ya ɗora ruwan taliya.