Gudun Aro

Kubura ta maka wa ƙwallon sanda, ta ja ciwon gwiwarta da ƙyar har ta kai tashar farko. Filin makarantar da ke Gyaɗi-Gyaɗi ya kaure da ihu. Zagayen ƙarshe ne, kunnen doki ake, kuma Naomi, da ke zaune a benci rungume da sanda, ta san abin da zai biyo baya.

Tun da aka kawo makarantar wasan sofbol, wanda ake bugun ƙwallo da sanda a zagaya tashoshi uku a dawo inda ake kira gida a ci maki, bayan soja sun koma bariki, aikin Naomi ɗaya ne: gudun aro. Doka ta yarda in mai cafe ƙwallo irin Kubura ta isa tasha, wata ta karɓar mata gudun, amma sai wadda ba ta shiga wasa ba. Naomi kuwa duk Tarauni babu mai ƙafarta, shi ya sa kocinsu, Malam Falalu, ya adana ta a benci kamar kayan sallah. Ko sau ɗaya ba ta taɓa bugu a gasa ba.

Yau ya yi mata alkawarin za ta buga. Gobe motar kaya za ta kwashe su zuwa Kafanchan, don tun rikicin watan Mayu mamanta ba ta iya barci a Kano. Babanta, Elisha, ya bar ɗaurin kaya ya zo ya tsaya jikin katanga. Bai san komai a wasan ba, an dai ce masa 'yarsa za ta buga.

"Naomi!" Malam Falalu ya kira, bai ko dube ta ba. "Je ki karɓi Kubura."

"Malam, ni zan buga bayan Hasana. Kai ka ce."

"Na sani."

"In na yi gudun aro, alƙali ba zai bar ni in buga a zagayen nan ba. In na zagayo gida kuma, wasa ya ƙare."

"To dubi ƙafar yarinyar nan. Da ita za ta zagayo?" Ya sassauta murya. "Ki yi haƙuri, 'yata. Wasan cin kofi ne fa."

Haƙurin nan dai kullum ita ake ba. Ta jingine sandar ta fita.

Hasana ta buga, ƙwallon ya gangara can bayan fili. Naomi ta wuce tasha ta biyu, ta taka ta uku. A nan zuciyarta ta raya mata: ki ɗan rage gudu a cafke ki, a ƙara zagaye, ki samu bugunki, wa zai gane? Amma ƙafar da aka horar ba ta san wannan lissafin ba. Kafin ta gama tunani tana kwance a gida, alƙali ya baza hannuwa alamar ta ci, 'yan mata suka yo kanta suna tsalle.

Da ta samu ta zame, ta nufi katanga da jini a gwiwar hannu. Babanta ya miƙa mata ruwan leda, bakinsa har kunne.

"Kai, Naomi, wannan gudu haka! Yanzu hutun rabin lokaci ne ko? In an dawo ne za ki buga?"

Ta karɓi ruwan ta riƙe.

"Sha ruwanki, kar ki damu da kayan," in ji shi, yana gyara tsayuwa. "Zan jira."

A bayanta, Malam Falalu ya durƙusa yana zuba sandunan a buhu.